Diramar sikila da muka kai Rigasa da Sabon Tasha, da yadda ta juye mana a hannu

Ni dai sana'ata ɗibar jini ce. A ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti nake aiki anan cikin Kaduna, daga safe har la'asar ina ɗaure wa mutane dantse da roba ina laluben jijiya, dirama kuma tun muna sakandare nake taɓawa, itace dai ta ƙi sakina har na girma. To abinda zan baje anan shine yadda muka haɗa biyun, muka shirya wasa akan sikila muka kaishi Rigasa da Sabon Tasha, da irin marin da muka sha a hannun mutanen da muka je wai wayar musu da kai.

Abinda ya tunzura ni ba komai bane illa abinda nake gani a bencin ƙofar ɗakinmu. Saurayi da budurwa zasu zo, saura kwana goma ɗaurin aure, an buga kati, an kai lefe, kafinta ya gama gado, mai girki ta karɓi kafin alƙalami, sai a lokacin wani zai tuna ai ance ayi gwajin jini. Ka miƙa musu takarda, shi AS ita AS. Wallahi akwai wani shiru da ake yi a wajen nan wanda har yau na kasa sabawa dashi. Wani kuma sai ya biyo ka har bakin famfo ya rage murya yace "Oga, ba yadda za'a yi a ɗan gyara takardar nan? Akwai na goro fa."

Ga wanda bai san kan abin ba, sikila, ko amosanin jini kamar yadda wasu ke ce mata, ba ɗauka ake ba kamar mura, gado ce, kuma sai an gado ta wajen uwa da uba duka biyun. Kowa rabo biyu gareshi, ɗaya daga baba ɗaya daga mama, A shine mai lafiya, S shine na sikila. Mai AA ba ruwansa. Mai AS ɗaya da ɗaya ya samu, lafiyarsa ƙalau, hasali ma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani bai cika kada shi ba kamar mai AA, shi yasa abin ya yawaita a ƙasashen da sauro ya yi wa katutu. Mai SS shine mai ciwon. Jajayen ƙwayoyin jininsa maimakon su zama zagayayyu masu laushi da zasu ratsa ƙananan jijiyoyi, sai su lanƙwashe kamar lauje su ƙage su toshe hanya, shine ciwon ƙashin nan da zaka ga yaro yana birgima yana kiran uwarsa. Kuma basa daɗewa, ta mai lafiya tana kai kwana 120, tasu kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi yasa jini baya isa, ido yayi rawaya. Najeriya ce kan gaba a duniya, ana ƙiyasta kusan jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a cikinmu AS ne. Ni kaina AS ne, don kar ace daga kan katanga nake magana.

Mu tara muka haɗu. Ni, da nas biyu, da wata malamar islamiyyar matan aure, da wani ɗan keke napep da Allah ya yi wa baiwar ban dariya, da samari biyu da wata budurwa daga ƙungiyar mawaƙan wani coci a Sabon Tasha da muka san juna ta wajen aiki, sai wani yaro da ya karanci dirama a ABU Zariya yana zaman jiran aiki. Shi wannan na ƙarshen tun ranar farko ya so ya taka mana burki. Yace tun wajen 1975 sashen dirama na ABU, zamanin su Michael Etherton, suke fitar da ɗalibai daga aji su shiga cikin Samaru da ƙauyukan kewaye, daga baya su Farfesa Oga Steve Abah suka ɗora, kuma ƙa'idarsu ta farko itace ba'a rubuta wasa a ɗaki, sai an je an zauna da mutanen an ji meke cin su tukuna. Nace masa ɗan'uwa ni kullum da mutanen nan nake wuni, jininsu ma a hannuna yake, me kuma zanje in ji? Ya yi shiru. A dare ɗaya na rubuta wasan.

Labarin ba wani mai wuya bane, kowa zai iya cankarsa. Saurayi da budurwa suna soyayya, likita ya gargaɗe su, suka toshe kunne, akayi aure, aka haifi yarinya SS, yau asibiti gobe asibiti, aka sayar da babur aka sayar da ɗan kunnen zinare, ƙarshe yarinya ta rasu a hannun uwarta, sai likita, wato ni, ya juyo ya fuskanci jama'a ya zabga musu nasiha. A lokacin gani nake na rubuta abin kirki.

A Rigasa ta hannun mai unguwa da limamin wani masallaci muka bi, ba'a shiga irin wannan wuri da ka. Sharuɗɗa uku suka gindaya: mace ba zata fito wasa a fili gaban maza ba, ba kiɗa, kuma a fara bayan la'asar a tashi kafin kiran magariba. Bamu yi musu ba. Sai ɗan keken nan ya ɗaura zani ya yafa gyale ya zama gwaggo, kuma abin bai zame wa kowa baƙo ba tunda duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tashe, ya san yaran da ke shigar tsofaffi da malamai da masu magani daga goma ga azumi suna bi gida gida, wasan kwaikwayo ai ba Bature ya kawo mana ba. Filin ƙwallo ne na bayan wata firamare, muka hayo ƙaramin janareta da lasifika ɗaya mai shaƙewa, yara suka haye katanga, dattawa akan benci. Gwaggo na fitowa tana taunar goron ƙarya wuri ya kaure da dariya. Da aka zo wajen mutuwar yarinya kuwa tsit kake ji, na hango wani dattijo yana share ido da bakin rawani. Muka koma gida muna ta yabon kanmu a cikin keke.

Bayan kwana biyu aka yi na mata zalla a islamiyyar malamarmu, anan matan cikinmu suka hau nasu gurbin, ni kaɗai ne namiji babba a wajen saboda nine likita. Na gama nasihata kenan ina jiran tafi sai wata mata ta miƙe daga tsakiya, ba tsohuwa ba ce sosai, ta gyara hijabi tace, "Malam, kun gama?" Nace mun gama Hajiya. Tace "To ga 'yata can a baya kusa da taga. Shekararta 19. SS ce. Ta sauke Alƙur'ani, ta gama sakandare, ita ke yi min lissafin kuɗin ƙanƙarar da nake sayarwa. Yanzu a gabanta kuka kashe ta, kuka naɗe ta a zani, kuka ce iyayenta marasa jin magana ne. Lokacin da aka yi min aure waye ya san wani gwaji?" Ban samu abin cewa ba. Bata tsaya nan ba, tace akwai yaron da ke neman yarinyar, magana har ta fara ƙarfi, kuma uwar yaron tana cikin waɗanda suka leƙa wasan fili ta saman katanga, jiya ta aiko cewa a dakata, ita ɗanta ba zai auri gawa ba.

Na tambayi menene jinin yaron. Tace AA, sun gwada tun tuni.

Nan ne fa cikina ya ɗuri ruwa, domin mai AA in ya auri mai SS babu ɗa ko ɗaya da zasu haifa da SS, duk AS zasu fito, wato wannan yaron shine daidai irin mijin da ya dace da ita. Ni na san haka, nas ɗinmu biyu sun san haka, amma babu inda wasanmu ya faɗa, ko da kalma ɗaya. Tsoro kawai muka zuba wa mutane muka tafi, tsoron kuma bai san inda zai tsaya ba, ya tsallake masu AS ɗin da muke nufi ya faɗa kan wadda ba ruwanta. Yarinyar kuwa ko ɗago kai bata yi ba, tana ta murza bakin hijabinta.

Da muna da hankali da anan muka tsaya. Amma an riga an sa ranar Sabon Tasha, fasto ya sanar a coci, sai muka ɗan yi wa wasan faci, muka ƙara layi biyu a bakin likita muka tsallaka gada.

Wanda ba ɗan Kaduna ba sai an masa bayani. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 gari ya rabe, Musulmi suka fi tattaruwa a arewacin kogi, su Tudun Wada, Rigasa, Kawo, Unguwar Sanusi, Kirista kuma a kudu, su Sabon Tasha, Narayi, Television, Romi. Akwai samarin da aka haifa bayan nan da basu taɓa zama a gidan ɗan ɗaya ɓangaren sun ci tuwo ba. Ɗan keken mu kullum yana kai fasinja can amma ranar ce ya fara shiga harabar coci, sai waige waige yake kamar wanda ya ci bashi.

Bayan an tashi sujadar Lahadi aka yi, a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Mutanen Bajju ne da Atyap da Gbagyi da Adara, da 'yan Ibo da Yarbawa kaɗan, Hausa ce ta haɗa kowa duk da samarin sun fi sakewa da buroka. Anan mata sun fito wasa ba wanda ya ɗaga gira, har ganga aka buga mana. Amma wasan bai ci ba. Ba wanda yayi kuka, wasu ma waya suke dannawa. Da na gama nasiha sai wata Mama daga cikin shugabannin zumuntar mata tayi dariya tace "Ɗana, sannunku da ƙoƙari, amma wannan labarin ai mun wuce shi. Anan ba'a ɗaura maka aure sai ka kawo takardar gwaji, kowa ya sani. Damuwarmu itace takardar da ake kawowa." Sai ta shiga lissafo mana, wanda ya sayi AA a wani ɗakin gwaji na bayan layi, wadda wuri ɗaya ya ce mata AA wani ya ce AS, waɗanda suka shekara biyar tare sai da kwamitin aure ya tambaya sannan suka gwada, lokacin kuwa raba su sai Allah. Wani saurayi kuma ya ɗaga hannu yace shi an gaya masa da addu'a da azumi AS tana komawa AA, yana da wanda ya ba da shaida. Ban yi masa dariya ba, don a namu ɓangaren ma ga masu magani nan a bayan mota da lasifika suna rantsuwa cewa garinsu na maida SS ta koma AA cikin wata uku, kuma ana saye. Na dai gaya masa abinda na sani, jinin da aka haife ka dashi baya canjawa da magani ko da shekaru, in takarda biyu suka saɓa to ɗaya kuskure ce, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan gwajinsa na iya ruɗarwa sai an jira kamar wata uku.

Abinda yafi wasan armashi hirar da ta ɓarke bayansa ce. Wani dattijo Ibo mai sayar da kayan gyaran mota yace a garinsu yaron da ke zuwa yana komawa ogbanje ake ce masa. Wata Bayarbiya tace su abiku suke cewa. Malamarmu, wadda tunda muka zo take a takure a gefen benci, sai gata ta saki baki tace ai mu wabi muke cewa, har suna ake sa wa wanda ya biyo baya, su Ajuji su Ayashe, wai a nuna ba'a damu dashi ba ko mutuwa ta ƙyale shi. Kowa ya kawo yadda kakarsa ke ba da labarin, yaro ya fara lafiya lau, wajen wata shida hannu da ƙafa su kumbura, ido yayi rawaya, kafin ya shekara biyar ya tafi, na bayansa ma haka. Ba kowane wabi ne sikila ba, ƙyanda da gudawa da zazzaɓi sun kwashe nasu, amma kumburin hannu da ƙafa a wata shida ɗin nan duk ma'aikacin lafiya ya san alamar me ce, lokacin ne jinin da jariri ya fito dashi daga ciki yake ja da baya na gadon ya karɓi wuri. Mun fi awa ɗaya a wajen, wasan kansa minti 35 ne.

A hanyar dawowa yaron ABU bai ce "ai na faɗa" ba, Allah ya saka masa. Cewa yayi kawai, yanzu zamu je mu ji?

Sati shida bamu yi wasa ba. Muka rarrabu, ni da ɗan keke majalisar mai shayi da bakin tasha, malama gidajen suna da wajen kitso, 'yan Sabon Tasha shagon aski da wajen koyon waƙa. Ba takarda ba biro, hira kawai. Abinda muka tattaro ya nuna mana ciwo ɗaya ne amma ƙullin daban. A Rigasa saurayi da budurwa ba sune masu yanke magana ba, iyaye ne da waliyyai, ga auren zumunci, ɗan wa da 'yar ƙani, wanda in ka fasa ba aure kaɗai ka fasa ba gida ka raba, to wasan da yake yi wa yara faɗa akan taurin kai ya ma saɓa adireshi. A Sabon Tasha kuma dokar gwaji tana nan amma a ƙarshen hanya aka ajiye ta, shi yasa ake sayen takarda. Sai abu ɗaya da muka tarar ko'ina, har a bakin masu digiri: wai AS da AS in sun haifi huɗu ɗaya ne zai zama SS, saboda haka sai a haifi uku a tsaya, wasu suce na farin ne, wasu suce na huɗun ne. Wasu kuma suna haɗa shi da rukunin jini, kaji mutum yace ai ni O ne ba ruwana, alhali hanyar jirgi daban ta mota daban.

Maganin wannan lissafin a faifan wata mai goro muka samo shi. Farin goro A, jan goro S. Aljihun uba fari ɗaya ja ɗaya, jakar uwa fari ɗaya ja ɗaya. Kowane ciki, kowa ya zura hannu ba tare da ya duba ba ya zaro ɗaya, a ɗaga wa jama'a su gani, sannan, kuma nan ne gaba ɗaya sirrin yake, a maida goron inda aka ɗauko kafin ciki na gaba. Da muka koma filin Rigasa muka kira mutane daga cikin 'yan kallo su zara da kansu. Wani dattijo ya zara da abokinsa, ja da ja. Aka maida. Ja da ja. Aka maida, wallahi ja da ja karo na uku, wuri ya ɗauki salati, shi kansa ya ja da baya yana duba aljihun ko mun masa dabo. Wasu biyun suka zara har sau shida basu haɗa ja biyu ba. Ban yi wani dogon bayani ba, wani daga bayan fili ne ya ɗaga murya yace "ashe ciki baya tuna na baya!" Daga nan muka juye, aljihu ɗaya fari biyu, jaka ɗaya ja biyu, wato AA da SS, muka ce a zara har a gaji. Fari da ja, fari da ja, fari da ja. Wannan saboda mutum ɗaya muka sa shi, ina ta satar kallon saman katanga ko tana nan.

A Sabon Tasha ma goron ya yi aiki, har dattijon nan Ibo yace a wajensu goro baya jin Turanci, to ga shi yau ya koyar da abinda Turanci ya kasa.

Shi wasan kansa mun cire masa ƙarshe gaba ɗaya. Dabarar wani ɗan Burazil ce, Augusto Boal, yaron ABU ya koya mana: a kai labari daidai inda ya cije sai a tsaya, duk wanda yake ganin yana da mafita ya fito ya karɓi gurbin ɗan wasa ya gwada, sauran 'yan wasa kuma kar su sauƙaƙa masa. A Rigasa mun tsaya ne inda yaro ya dawo da takarda bayan an sa rana da 'yar baffansa, uban yana zaune akan tabarma. Wani matashi ya fara fitowa, ya tsaya ƙiƙam a kan uban yana ɗaga murya yana kiran haƙƙinsa, tun kafin ya gama jama'a suka yi masa ca, ba tarbiyya, sauka. Na biyu ya durƙusa yayi ta kewaye kewaye har uban, wato ɗan keken mu da ya canja zani da babbar riga, yace "kai in ba ka da magana tashi ka ban wuri, Allah ke ba da lafiya ba takarda ba." Aka yi dariya amma dariyar sanin gaskiya ce. Sai wani tsoho ya aiko daga benci cewa duk kun ɓata, yaro baya kai wa ubansa irin wannan magana, aminin uban ake samu, ko kaka tunda ita abokiyar wasa ce tana iya faɗin abinda kowa ke tsoro. Aka gwada da amini, magana ta fara shiga. Liman da kansa, wanda da farko ko zama bai so yi ba, ya karɓi makirfo ya kawo hadisin ɗaure raƙumi sannan ayi tawakkali. Wani yace a Kano ma ai tun 2024 gwaji kafin aure doka ne. Amma shawarar da ta fi zauna min daga bakin wani tela ta fito, yace duk wannan wahalar saboda ana bari sai manya sun shiga ne, a gwada yara tun suna firamare kowa ya san nasa kamar yadda ya san sunansa, kafin a kai kuɗin gaisuwa sai a tambaya a asirce, ba wanda ya ji kunya.

A Sabon Tasha inda muka tsaya daban ne, wajen da saurayi ke miƙa wa ma'aikacin gwaji na goro, kuma ni na hau gurbin ma'aikacin, abin ya zo min kusa ƙwarai. Can gardama ce ta kaure akan ko coci ya ƙi ɗaura auren AS da AS. Dattawa suka ce a ƙi. Wata budurwa ta fito tace in kun ƙi ba fasawa zasu yi ba, takarda zasu saya ko su tafi rajista, gara a zaunar dasu a gaya musu gaskiya, goro a hannu, su zaɓa da idonsu a buɗe. Ba'a daidaita ba har aka tashi, abinda aka yarda dashi kawai shine a riƙa gwadawa wuri biyu kuma tun farkon nema.

Malama kuma ta ɗauki nata salon, tatsuniya. Ga ta nan ga ta nanku, Gizo ya je neman 'yar sarki aka ce sai ya nuna goron aljihunsa, ya shafa wa jan goro alli, sauran kun san halin Gizo. Da 'yan Sabon Tasha suka ɗauka sai wasu suka maida shi kunkuru tunda shine mai wayon a labaran Ibo da Yarbawa. A ganina tatsuniyar ta fi diramar tafiya, ba ta buƙatar izinin mai unguwa, ba janareta ba fetur, tana shiga har ɗakin da mu ba zamu taɓa shiga ba. Illarta kuma tana tafiya tana zubar da kaya a hanya. Wata rana wata mata ta zo wajen aikina da 'yarta tace a duba mata ko yarinyar tana da farin jini, nayi dariya har da riƙe ciki nace Hajiya wannan ai samari zaki tambaya, sai da muka zauna na gane gwajin farin goro take nufi.

Akwai inda har yanzu muke da rauni kuma ba zan ɓoye ba. Duk inda muka gama sai an tambaye mu, to ina kuɗin gwajin? Mai 'ya'ya takwas da ke neman na masara ba zai kwashe su ya kai ɗakin gwaji ba don ya kalli wasa. Mukan ce su saurari 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, wasu ƙungiyoyi kan yi kyauta, amma rana ɗaya ce a shekara. Mu kanmu daga aljihunmu muke hayar kujeru da lasifika, ɗan keke yana asarar cinikin yamma guda.

Ita kuwa yarinyar nan ta bakin taga, ni da malama muka je har gidansu ban haƙuri. Uwar ta karɓe mu, ita ce dai bata ce komai ba sai da muka miƙe tafiya tace "Yaya, in zaku sake yi, ni zan yi yarinyar." A wasan mata take fitowa, kuma ita ta sake gina gurbin da hannunta. Ta sa a nuna ta da gorar ruwa ko'ina zata, tana shan folik asid ɗinta da safe, tana kwana a gidan sauro, tana saka rigar sanyi da safa in hunturu ya shigo, tana zuwa asibiti ranar da aka ba ta ba sai ciwo ya tashi ba. Ta sa a nuna ciwon ma, ba ta yarda a ɓoye ba, tace a nuna yadda yake kamar ana sara ƙashi da gatari, a nuna ma'aikacin da ke ce mata ta cika raki ko ta saba da allura ne, sannan a nuna ta tashi ta koma lissafin ƙanƙara. Maganar aurenta tana nan a rataye, uwar yaron ta daina cewa gawa amma bata ce a ci gaba ba, yaron dai bai daina zuwa ba.

Satin da ya wuce bamu yi atisaye ba, sanyin nan ya kada ta, an ba ta gado ana mata ƙarin ruwa. Da daddare sai ga saƙon murya a WhatsApp, muryar can ƙasa ƙasa, ana jin ƙarar fanka da kukan wani jariri a bayanta. Na ɗauka wani abu take buƙata. Tace "Yaya, na tuna, wurin nan da gwaggo ke kallona tana cewa Allah sarki, sau uku take faɗa. A cire biyu."